Gano Asalin Ƙara a Ƙarƙashin Tsohuwar Mota: Misalin Peugeot 504

Ƙarfin da inji yake samarwa sai ya bi ta hannu da yawa kafin ya isa taya. A motar da tayoyin baya ke turawa, irin Peugeot 504 wadda aka fi sani da Fijo, ƙarfin yakan fita daga inji ya shiga kuloci, daga nan sai akwatin giya, sai farfela, sai aksul na baya, sannan tayoyi. An fara ƙera wannan mota a Faransa a 1968, kuma masana'antar haɗa motoci ta Kaduna da aka buɗe a 1975 ta yi shekaru tana fitar da ita. Waɗanda suka rage a kan hanya yanzu duk sun tsufa, shi ya sa ƙara ba ta rabuwa da su.

Wahalar aikin ita ce ƙarfe yana ɗaukar sauti ya kai shi nesa. Kukan da ya taso daga aksul yakan biyo farfela har direba ya rantse daga ƙarƙashin kujerarsa yake fitowa. Saboda haka gogaggen bakanike yakan fara da tambayar lokacin da ƙarar take zuwa, domin kowane sashe yana da yanayin da yake aiki da wanda yake hutawa.

Gwajin farko ana yin sa mota tana tsaye, inji na aiki, giya a firi. Idan ƙara ta taso da zarar an taka kuloci, zargi yana kan boris ɗin kuloci. Idan kuwa tana nan tun ba a taka ba, ta ɗauke da an taka, to boris ɗin sandar da ke shigar da ƙarfi cikin akwatin giya ne ya ci.

Na biyu ana yin sa a kan hanya. A akwati mai giya 4, ta huɗu tana wucewa da ƙarfi kai tsaye ba tare da ya ratsa haƙoran sandar gefe ba. Kugin da ake ji a ta ɗaya da ta biyu da ta uku, ya lafa a ta huɗu, yana nuna matsalar tana cikin akwatin. Gurzar haƙora yayin sauya giya guda ɗaya tak alama ce ta cinyewar zoben tagulla da ke daidaita gudunta. In gurzar ta shafi kowace giya har da ta baya, kuloci ne ba ya saki sosai.

Daga nan sai a ɗauki gudu a mayar da giya firi. Ƙarar da ta ragu tare da sautin inji daga gaba take. Wadda ta ci gaba da bin gudun mota tana tsakanin farfela da taya. Farfela tana juyawa kusan sau 4 kafin taya ta zagaya sau ɗaya, don haka rawarta da kukanta sun fi na taya sauri da siranta. Bugu guda, gau, yayin tashi ko sakin totur yakan fito daga gaɓar da ta yi lako-lako, ko haƙoran aksul da suka yi rata, ko kujerar inji da ta fashe. A 504 mai but farfela tana cikin bututun ƙarfe, ba a iya kama ta a jijjiga kamar ta sauran motoci, don haka kunne ne yake yin aikin hannu.

Kukan aksul yana canzawa da totur: ya tashi in an taka, ya faɗi in an saki, ko akasin haka. Boris ɗin taya bai damu da totur ba, sai dai gurnaninsa yana ƙaruwa a kwana, lokacin da nauyi ya koma gefensa. Ƙarar taya kanta kuwa da irin titi take sauyawa.

Mataki na ƙarshe shi ne duba mai. A tsiyaye man akwatin giya da na aksul a cikin kwano mai tsabta. Ƙyalli mai laushi kamar gari tsufa ne kawai, amma ɓarɓashin da yatsa ke ji yana nufin haƙori ko boris ya fara karyewa. Ƙarancin mai shi kaɗai yana jawo kuka, kuma cika shi ya fi kwance aksul sauƙi da araha. Kafin a taɓa manyan sassa, ya kamata a tabbatar salansa ba ta bugun jiki, notocin taya kuma a ɗaure suke. Duk wanda zai shiga ƙarƙashin mota ya ɗora ta a kan matokarai masu ƙarfi, domin jak shi kaɗai ba abin dogaro ba ne.