Ko Kun Sani?

Kan sarkin farko da ƙasar Latbiya ta fitar, a watan Disamba na 1918, taswira ce a bayansa. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙare ke nan, takarda ta yi wuya a birnin Riga, sai mahukunta suka kwashi taswirorin da sojojin Jamus suka bari, aka buga kan sarki a farin bayansu. Wanda ya juya ɗaya zai iya cin karo da guntun kogi, ko hanya, ko rabin sunan wani ƙauye.

Abin bai tsaya nan ba. Daga baya ma takardun kuɗin da ba a gama bugawa ba aka yi amfani da su. Shi ya sa masu tara tsofaffin kan sarki suke fara duba bayan na Latbiya kafin su yi ciniki.