3.4 Dalilan da Kan Sa a Ƙi Amsa Mai Ma'ana a Muhawarar Addini

Tun bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a shekarar 1978, muhawara tsakanin mabiyanta da 'yan ɗariƙun Tijjaniyya da Ƙadiriyya ta bazu har zuwa garuruwa irin su Damari da Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara. Abin lura shi ne, a irin wannan muhawara mai sassaucin ra'ayi ne yakan rasa magoya baya.

Misali, a saɓanin ƙabalu da sadalu, wanda ya girmi Izala, idan wani ya ce sallar kowane ɓangare ta inganta, tun da ba farilla ake jayayya a kai ba, sai a kira shi mai baki biyu. Dalilan haka su ne:

(a) Mai sauraro yakan fara tambayar ɓangaren mai magana kafin ya auna hujjarsa.

(b) Almajiri yakan ɗauki karɓar hujjar wani a matsayin cin amanar malaminsa.

(c) Muhawara a gaban taro ake yin ta. Amsa mai sharuɗɗa ba ta tayar da kabbara, amma baƙar magana takan tayar. Ita ce kaset ya yaɗa a da, ita ce kuma guntun bidiyo ke yaɗawa a waya yanzu.

Sakamakon haka, masu ilimi da dama sukan ja bakinsu su yi shiru, fili ya koma hannun masu zafin kai. Daga nan sai a raba masallaci, har ɗa ya ƙi bin mahaifinsa salla.