Gabanin sabuwar kaka: Makomar ɗan baya tsakanin Lamisula, jami'a da El-Kanemi Warriors

Watannin Yuli da Agusta su ne lokacin tankaɗe da rairaya a ƙwallon ƙafar Najeriya. Babbar gasar ƙasa ta NPFL, mai ƙungiyoyi 20, ta koma buɗe kakarta a ƙarshen damina, don haka a waɗannan makonni ne masu horarwa ke tara 'yan wasa a sansani, su gwada sababbi, su sallami waɗanda ba su gamsar ba. A Maiduguri, inda El-Kanemi Warriors ta zama abin alfaharin jiha tun kafuwarta a 1986, matasan unguwannin cikin gari irin su Lamisula suna sa ido a kan wannan lokaci kamar yadda ɗalibi ke jiran sakamakon jarrabawa.

Sai dai ba duka ne ke shiga gwajin da dama iri ɗaya ba. Ɗan gaba na iya zura ƙwallo biyu a wasan gwaji guda, sunansa ya shiga takarda. Ɗan baya kuwa, aikinsa shi ne hana abu faruwa, kuma abin da bai faru ba ba ya barin shaida. Idan ɗalibi ne a jami'a ko kwaleji, matsalarsa ta ninku, domin babu wani kundi da ke ajiye da tarihin wasanninsa da mai horarwa zai duba kafin ya yanke hukunci.

Aikin da ba a tafa wa

A ranar 29 ga Yunin 2024, El-Kanemi Warriors ta doke Abia Warriors da ci 2-0 a filin wasa na Mobolaji Johnson da ke Legas, ta ɗauki Kofin Ƙalubale karo na uku, bayan na 1991 da 1992. A lokacin tana buga gasar rukuni na biyu ne, ƙarƙashin mai horarwa Aliyu Zubairu, kuma a shekarar ce ta sake hawowa babbar gasa. Duk mai bibiyar ƙwallo a Borno ya san Nasiru Salihu ne ya ci ƙwallayen biyu. Kaɗan ne za su iya lissafo 'yan bayan da suka hana ƙungiyar da ke rukuni na ɗaya ganin raga har aka tashi.

Wannan rashin adalcin ido ba a Najeriya kaɗai yake ba, amma akwai inda aka nema masa magani. A ƙwallon Amurka, wadda akasari da hannu ake yinta, kowace ƙungiya na da ƙarti biyar da ke jeruwa a gaba idan ƙwallo na hannunta. Su ne katangar da ke kare mai jefa ƙwallo, su kuma buɗe wa mai gudu hanya. Nauyin kowannensu a manyan jami'o'i yakan kai kilo 135 ko fiye. Ba sa cin maki, da wuya ma su taɓa ƙwallon in ban da na tsakiyarsu da ke miƙa ta a farkon kowane taku.

Duk da haka, tun kafin a buɗe kakar jami'o'i a ƙarshen Agusta, jaridun ƙasar kan cika da sharhi a kan waɗannan 'yan katanga: wasanni nawa kowa ya fara, sau nawa aka ratsa ta gefensa, wane rauni ya yi jinya, wane gurbi zai riƙe bana. Akwai kyautar Outland da ake bayarwa tun 1946 ga gwanin 'yan layi, akwai kuma ta Joe Moore da aka soma a 2015, wadda ba mutum ɗaya ake ba wa ba, sai su biyar ɗin gaba ɗaya. Abin da ya sa sharhin ke yiwuwa shi ne ana ɗaukar kowane wasa a bidiyo, ana ajiye alƙaluma, kuma jadawalin gasa ba ya sauyawa.

Jami'ar da ta nuna ana iyawa

Maiduguri ba baƙuwa ba ce a ƙwallon ɗalibai. A 2018 aka fara gasar manyan makarantu ta HiFL tare da haɗin gwiwar ƙungiyar wasannin jami'o'i ta NUGA. Jami'ar Noma ta Makurdi ce ta ɗauki kofin farko, Jami'ar Kalaba ta biyo baya a 2019. A 2021 kuwa, Desert Warriors ta Jami'ar Maiduguri ce ta lashe shi bayan ta doke Jami'ar Adekunle Ajasin ta Akungba a wasan ƙarshe.

Nasarar ta fi ƙarfin kofi. Jami'a ce da aka kafa a 1975 a kan hanyar Bama, wadda ta ci gaba da karatu a tsakiyar rikicin Boko Haram, har da harin da aka kai masallacinta a Janairun 2017. A Yulin 2025 ne Shugaba Bola Tinubu ya sanar da sauya mata suna zuwa Jami'ar Muhammadu Buhari. Ɗalibanta sun nuna cewa gwaninta ba ta yi ƙaura daga Borno ba.

Amma shekarar da ta biyo bayan kofin, ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta shiga yajin aiki daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoban 2022, wata takwas cur. Ga ɗan wasa mai shekara 20 da 'yan kai, wata takwas ba tare da atisayen haɗin gwiwa ba asara ce babba. Ta fi yi wa ɗan baya illa, domin ɗan gaba na iya wasa ƙafarsa shi kaɗai, amma tsaron gida aikin gayya ne. Sanin lokacin matsawa gaba tare don kama abokin hamayya da satar gida, da sanin wanda zai tare da wanda zai rufe baya, ba sa samuwa sai an daɗe ana wasa tare.

Abin da ke jiran wanda ya tsallake

Ko da matashin Lamisula ya tsallake gwaji, kakar da ke gabansa ba ta rago ba ce. Babbar gasa wasanni 38 ce, rabinsu a waje, kuma ƙungiyoyi huɗu ke faɗuwa a ƙarshe. Daga Maiduguri zuwa Kano kusan kilomita 600 ne, zuwa Legas kuwa ya haura 1,500, kuma yawancin ƙungiyoyin ƙasar nan ta mota suke tafiya. Jikin da ya kwana biyu a kujerar bas shi ake so ya yi tsalle ya kai wa ƙwallo kai na minti 90. A gida kuma, zafin Afrilu kan wuce digiri 40.

Garin kansa ya sha jarrabawa. A shekarun da rikici ya yi tsanani, sai da El-Kanemi ta riƙa karɓar baƙuncin wasanninta a Kano da Katsina, abin da ya raba yaran unguwanni da ganin gwanayensu ido da ido. A ranar 10 ga Satumban 2024 kuma, ɓallewar madatsar ruwa ta Alau ta malale sassa da dama na birnin, har da fadar Shehun Borno da Kasuwar Litinin. A tsohon gari mai cunkoso, inda filin makaranta shi ne filin ƙwallo, duk abin da ya taɓa makaranta ya taɓa wasa.

Akwai kuma zaɓi mai wuya da ke gaban ɗalibi. A Amurka, jami'a ce tsanin zuwa ƙwallon ƙwararru: tana ba ɗan wasa tallafin karatu, tun Yulin 2021 kuma an ba shi damar samun kuɗi da sunansa da hotonsa. Ta wannan hanya Christian Okoye, ɗan Enugu da ya je Jami'ar Azusa Pacific yana mai jifan faifai, ya koyi ƙwallon Amurka har Kansas City Chiefs ta ɗauke shi a 1987. A Najeriya, sansanin ƙungiya da zangon karatu sukan yi karo, wanda ya zaɓi ɗaya yakan saki ɗayan. Wanda ya bar aji ya bi ƙwallo, rauni ɗaya a gwiwa na iya raba shi da duka biyun.

Inda Abuja ta shigo

A Oktoban 2024 gwamnatin tarayya ta rushe Ma'aikatar Wasanni, ta maido da Hukumar Wasanni ta Ƙasa ƙarƙashin Shehu Dikko, mutumin da ya taɓa shugabantar kamfanin da ke gudanar da babbar gasar ƙwallon ƙasar. Jami'o'in tarayya kuma suna ƙarƙashin kulawar Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa, suna samun kuɗin gine-gine daga asusun TETFund. Ma'ana, mafi yawan igiyoyin da ke ɗaure da makomar ɗalibi ɗan wasa a ofisoshin Abuja suke.

Abubuwan da ake buƙata ba su kai tsadar gina katafaren filin wasa ba. Na farko, jadawalin gasar ɗalibai da ba ya motsi, wanda zai ƙare kafin ƙungiyoyi su buɗe sansani. Na biyu, ɗaukar wasanni a bidiyo da ajiye bayanan kowane ɗan wasa, yadda mai horarwa zai ga aikin ɗan baya na kaka guda maimakon na yammaci guda. Na uku, yarjejeniya tsakanin jami'a da ƙungiyar jiha da za ta bar ɗalibi ya yi wasa ba tare da ya rasa gurbinsa na karatu ba, haɗe da inshorar rauni.

El-Kanemi Warriors ta taɓa zama matakalar da Samson Siasia ya taka kafin ya wuce Beljiyam, kuma wanda ya kai ta ga kofin 2024 ya zama mai horar da Flying Eagles. Gari mai irin wannan tarihi, mai jami'ar da ta zama zakarar ƙasa, ba ya fama da ƙarancin 'yan baya. Har sai an shimfiɗa hanya tsakanin filin makaranta, jami'a da sansanin ƙungiya, hasashen kakar kowane matashi mai tsaron gida a Maiduguri zai ci gaba da rataya a kan wasan gwaji guda, da kuma sa'ar ko idon mai horarwa na kansa a lokacin da ya yi abin kirki.