Jini a Bakin Asuwaki: Gaskiya da Ƙarya Kan Lafiyar Dasashi

Da yawanmu in muka tofar bayan goge baki muka ga ja-ja, sai mu ce asuwakin ne ya yi tauri. Likitocin haƙori ba haka suke kallon abin ba. A taron da ƙwararrun Amurka da Turai suka yi a Shikago a 2017, sun tsayar da ma'aunin lafiyayyen dasashi: babu kumburi, zurfin ratar da ke tsakaninsa da haƙori bai wuce milimita 3 ba, kuma in an taɓa shi da ƙarfen awo, wuraren da suka yi jini ba su kai 10 cikin 100 ba. Da wannan ma'auni za mu auna maganganun gari.

"In ya yi jini, a bar shi ya huta." Ƙarya ce. A 1965, likita Harald Löe na ƙasar Denmak ya sa masu lafiyayyen baki suka daina gogewa. Cikin kwana 10 zuwa 21 dasashinsu ya kumbura. Da suka koma gogewa, cikin kusan mako guda ya lafa. Dauɗar ƙwayoyin cuta da ke maƙale a gindin haƙori ita ce mai laifin, barinta kuwa ƙara mata ƙarfi ne.

"Baƙin dasashi ciwo ne." Ƙarya ce. Sinadarin da ya ba fatarmu launi shi ne ya rina shi. Abin dubawa shi ne taushi, kumburi da jini.

"Wankin haƙori a asibiti yana sa haƙora girgiɗi." Ƙarya ce, amma tana da mafari. Dauɗar da ta daskare ta zama kamar dutse takan riƙe haƙoran da ciwo ya riga ya cinye musu ƙashi. In aka kankare ta, sai ɓarnar da ta ɓoye ta fito fili, a ɗora wa likita laifi.

"Ciwon suga yana taɓa dasashi." Gaskiya ce, kuma abin juna ne: suga yana tsananta kumburin, kumburin yana wahalar da saukar suga.

"Kowane ciki da haƙorinsa yake tafiya." Ciki yana sa dasashi saurin kumburi, amma jariri ba ya zuƙe haƙoran uwarsa.

"Tunda ba ya zafi, lafiya lau." Wannan ta fi duka haɗari. Ciwon dasashi shiru yake cin ƙashi, mai shan sigari ma ko jinin ba lallai ya gani ba, don taba tana tsuke jijiyoyin jini. Kumburin farko yana warkewa sarai, amma ƙashin da ya zaizaye ba ya dawowa da kansa. Saboda haka in mako biyu suka wuce kana gogewa a hankali safe da dare, jini bai tsaya ba, kada ka canza asuwaki, nemi likita.