Sunan Fage Da Sunan Yanka: Matasanmu A Wasannin Intanet

Babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato, ta ratso Aliero da Jega, ta miƙe zuwa Maiyama da Koko, an san ta da motocin albasa da shinkafa da fasinja. A 'yan shekarun nan wata zirga-zirgar ta ƙaru a garuruwan da ke bakinta, wadda ba ta bi ta kwalta. Da zarar an idar da sallar isha'i, a shagunan cajin waya da ɗakunan kwanan ɗalibai da bakin zaurukan gidaje, za ka tarar da samari sun duƙufa kan waya suna buga Free Fire ko PUBG Mobile ko Call of Duty Mobile ko eFootball. Abokin karawarsu yana iya kasancewa a Legas, ko Alƙahira, ko wani ƙauye a Indiya. Kusan dukkansu ba da sunan da aka raɗa musu ranar suna suke wasan ba. Wannan Guguwa ne, wancan Zakin Gulbi, na gefensa kuma wasu haruffa ne da lambobi da shi kaɗai ya san ma'anarsu.

Iyaye da dama, da suka san aikina koyarwa ne a jami'a, sun sha yi mini tambaya ɗaya cikin damuwa: yaron da ya ajiye sunansa ya ɗauki wani, me yake ɓoyewa? Wasu har sukan kira abin fuska biyu. Amsar da nake ba su ita ce wadda zan shimfiɗa a nan. Raba sunan wasa da sunan yanka hikima ce da ya kamata mu koya wa yaranmu, da sharaɗin cewa suna kaɗai za a raba, hali ya zauna ɗaya.

Mu fara da tambayar kanmu ko abin baƙo ne a wurin Bahaushe. Mu ne al'ummar da uwa ba ta faɗin sunan ɗan farinta saboda alkunya, mace ta yi shekara arba'in da miji ba ta taɓa ambatar sunansa ba, sai Malam ko Alhaji ko Maigida. Yaron da ya ci sunan kakansa ya zama Abba ko Baffa har tsufansa. Muna da sunan rana, da sunan sana'a, da laƙabin sarauta. Ɗan dambe da ɗan kokawa suna shiga fage da sunan da makaɗi ke wasa su da shi, idan aka tashi kuma su koma gida su amsa sunan da iyaye suka sani. Mutane nawa ne suka san cewa Ɗanmaraya Jos sunansa Adamu Wayya? Jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, yanzu tana ɗauke da sunan Abdullahi Fodiyo, alhali Fodiyo laƙabi ne na mahaifinsu Muhammadu, kalmar Fulatanci mai nufin masani. Ba wanda ya taɓa ɗaukar ɗaya daga cikin waɗannan a matsayin munafunci. Abin da Suratul Hujurati ta hana a aya ta 11 shi ne jifan juna da miyagun laƙubba.

Tunanin cewa dole mutum ya bayyana da suna ɗaya da fuska ɗaya a ko'ina daga wajen kamfanonin sada zumunta ya zo mana. A littafin da David Kirkpatrick ya wallafa a 2010 kan tarihin Facebook, an ruwaito Mark Zuckerberg yana ganin riƙe kamanni biyu alama ce ta rashin gaskiya. Sai dai mu tuna cewa kamfanin da ke cin abinci da talla ya fi kowa son ya san abokin wasanka da abokin karatunka da abin da kake saye duk na mutum ɗaya ne. Magabatanmu da suka tsara gidan Bahaushe sun fi shi fahimtar rayuwa. Sun yi zaure, suka yi cikin gida. Baƙo a zaure yake tsayawa, a kawo masa ruwa da tabarma, a girmama shi, amma ba ya ganin ɗakin amarya ko rumbun hatsi. Wasan intanet dandali ne cike da baƙin da ba ka san asalinsu ba. Sunan wasa shi ne zauren da ake tarbarsu a ciki.

Wannan magana ta fi nauyi a garuruwa irin namu. Aminu a Legas ɗigon ruwa ne a teku. Aminu a Maiyama kuwa, idan aka haɗa da sunan mahaifinsa da hoto guda a ƙofar gida, adireshi ne cikakke. Duk ɗan acaɓan da ka tambaya zai kai ka har zaure. A Jega, garin kasuwa da mahaɗar hanyoyi, baƙo ba ya buƙatar dogon bincike kafin a nuna masa gidan wane. A Aliero kowa ya san wanda albasarsa ta yi kyau bana da wanda ya loda mota zuwa Kudu. Muna kuma zaune a yankin da garkuwa da mutane ta zama sana'ar wasu, inda jiharmu ba ta manta da sace ɗaliban kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yunin 2021 ba, inda kowa ya san ɓarayin daji da bayanan masu tsegunta musu suke aiki. Yaron da ke saye wa ɗan wasansa tufafi da bindigogi masu tsada, yana fahariya da su a ƙarƙashin sunansa na gaskiya da sunan garinsu, yana shelar arzikin gidansu ga mutanen da bai taɓa gani ba.

Kada a ɗauka rigimar wasa a cikin waya take ƙarewa. Ranar 28 ga Disamban 2017, wasu matasa biyu a Amurka suka yi saɓani a wasan Call of Duty kan cacar da ba ta wuce dala ɗaya da rabi ba. Ɗaya ya yi barazanar turo wa ɗayan 'yan sanda, shi kuma ya ba da adireshin wani gida da ya taɓa zama a birnin Wichita na jihar Kansas. Aka sa wani mutum a Los Angeles ya buga waya ya yi ƙaryar cewa an yi kisa a gidan, ana kuma garkuwa da mutane. 'Yan sanda suka kewaye gidan, suka harbe wani magidanci ɗan shekara 28 a bakin ƙofarsa, mutumin da bai san ana wani wasa ba. A 2019 kotu ta ɗaure mai kiran wayar shekara 20. Darasi biyu ne a nan: adireshi makami ne a hannun fusatacce, kuma ƙaryar da ka yi don kare kanka tana iya faɗa wa wanda bai ji ba bai gani ba.

Akwai waɗanda suka gwada tilasta sunan gaskiya, muna iya duba yadda ta kaya musu. Koriya ta Kudu ta kafa doka a 2007 cewa manyan shafukan intanet su tantance sunan gaskiya na duk mai son yin rubutu, da fatan zage-zage za su ragu. Sai shafukan suka zama rumbunan bayanan jama'a. A 2011 masu kutse suka kwashe bayanan mutum kusan miliyan 35 daga Nate da Cyworld, a watan Agustan 2012 kuma kotun tsarin mulkin ƙasar ta soke dokar. Kamfanin Blizzard, mai wasan World of Warcraft, ya sanar a Yulin 2010 cewa zai riƙa bayyana sunan gaskiya na 'yan wasa idan suna muhawara a bainar jama'a. Cikin 'yan kwanaki ya janye saboda boren da suka yi masa.

Matsalar da nake gani a wurin ɗalibaina ita ce sun gina katanga amma sun bar ta da ƙofofi huɗu a buɗe. Ta farko, yawancinsu da asusun Facebook suke shiga wasan don kada maki ya ɓace idan waya ta lalace, wanda hakan kan jawo hotonsu da jerin abokansu zuwa cikin wasan. Ta biyu, kowace tawagar wasa tana da zaurenta na WhatsApp, a can kuwa lambar wayarka a fili take, kuma manhajar Truecaller kan fitar da sunan da mutane suka adana lambar da shi. Ta uku ita ce kuɗi. Idan ka tura wa wani naira dubu biyu ya sayo maka lu'ulu'un Free Fire, ko ka ba da lambar asusu a turo maka kyautar gasa, cikakken sunanka na banki zai bayyana a wayarsa. Ta huɗu ita ce baki da ɗabi'a: a hirar murya ana jin karin harshenka, ana jin ƙaninka yana kiran sunanka, kai da kanka kana cewa gobe kuna da jarrabawa a sashe kaza. Idan kuma sunan wasan nan shi ne dai sunanka a TikTok, inda ka saka bidiyon bikin yayarka, to aikin mai nemanka ya ƙare cikin minti biyar.

Wata ɗaliba ta taɓa kawo mini kuka a ofis. Ta iya wasa ƙwarai, ta kuma yi dabarar ɗaukar sunan namiji don ta huta da masu damunta. Ranar da ta ci wata 'yar gasa, ta ba da lambar asusunta a tura mata kyautar. Wanda ta kayar ya ga sunan, ya gano mace ce, ya bi sunan har ya samo hotunanta, ya fara barazanar zai haɗa su da ƙarya ya aika wa mahaifinta. Abin da ya fi tayar mata da hankali shi ne sanin cewa a garinsu ba a tsayawa bincike kafin magana ta zaga, kuma maganar aurenta ta riga ta yi nisa. Allah ya taimaka ta sanar da yayanta da wuri aka shawo kan lamarin. Ga 'ya mace a ƙasar nan, sunan wasa mayafi ne, kuma yayewarsa tana iya cin mutuncin da aka yi shekaru ana tarawa.

Duk da haka, damuwar iyaye tana da tushe. Masanin halayyar ɗan Adam John Suler ya yi bayani tun 2004 cewa mutum idan ya ji ba a ganinsa, takunkumin bakinsa kan kwance. Na ji yaran da ba sa iya ɗaga ido a gaban malaminsu suna ɗura wa baƙo ashar da zagin uwa da na ƙabila a cikin wasa. Akwai kuma masu ɗaukar sunan bogi don farauta. A Yulin 2024 kamfanin Meta ya sanar da rufe asusun Instagram kusan 63,000 a Najeriya, na masu yaudarar mutane su karɓi hotunan tsiraicinsu sannan su nemi kuɗi. Don haka dole mu bambance sutura da yaudara. Mai sutura yana ɓoye sunansa ne don kada a cuce shi. Mayaudari yana ƙirƙiro wani mutum ne don ya cuci wani. Ma'aunin da nake ba ɗalibaina mai sauƙi ne: idan da za a karanta duk abin da Guguwa ya faɗa a daren jiya a gaban mahaifin Aminu, shin Aminu zai iya zama a wurin? Idan zai iya, sunan wasansa zaure ne. Idan ba zai iya ba, ya zama maɓoyar ɓarna.

Su kuma masu jin cewa sunan bogi ya ɓatar da su, su sani a idon abokan wasa kaɗai suka ɓace. Tun Disamban 2020 hukumar sadarwa ta NCC ta wajabta haɗa kowane layin waya da lambar NIN, kowane asusun banki yana ɗaure da BVN ko NIN, kuma dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ba ta tambayar da wane suna aka yi barazana ko damfara. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Abin yi bai fi ƙarfin kowa ba. Ɗalibi ya buɗe imel na musamman don wasa, kada ya jingina wasan da Facebook ɗinsa. Ya zaɓi sunan da babu garinsu ko shekarar haihuwarsa a ciki, kada kuma ya maimaita shi a wani dandalin. Kada ya sa hoton fuskarsa, kada ya yi mu'amalar kuɗi da wanda a wasa kaɗai ya san shi, kuma kowane asusu ya samu kalmar sirrinsa daban. Iyayen ƙananan yara su san sunan wasan 'ya'yansu kamar yadda suka san abokansu na unguwa, domin daga baƙi ake sakaya suna, ban da mahaifi. Uban da ya zauna ya ce wa ɗansa "nuna mini yadda ake yi" zai ji abin da ba zai taɓa ji ba idan ƙwace wayar ya fara yi. Jami'ar Aliero da kwalejin kimiyyar lafiya ta Jega da makarantun sakandaren ƙananan hukumomin uku za su iya ware awa ɗaya cikin makon karɓar sababbin ɗalibai don wannan darasi, malaman Islamiyya kuma su shigar da ladabin magana a wasa cikin babin kiyaye harshe.

Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ɗora wa kamfanoni nauyin tsare abin da suka karɓa daga gare mu, amma babu dokar da za ta dawo da sirrin da mutum ya miƙa da hannunsa. Hausawa sun ce suna linzami ne. Yaranmu su ajiye linzamin a gida, su shiga fage da sunan fage, su tafi da tarbiyyar da aka ba su duk inda suka shiga. Allah ya tsare mana zuri'a, ya rufa mana asiri.