Nana Asma'u 'Yar Shehu: Yadda Gimbiya Ta Yi Karatu



Ya kai mai karatu, idan aka ce maka gimbiya, me yake zuwa zuciyarka? Na san dai ado ne da lalle da kuyangi, ana yi mata fifita tana kishingiɗe. To, zo ka ji labarin wata 'yar babban gida wadda ba ta tashi a haka ba, wato Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙan su.

An haife ta a Dagel, cikin ƙasar Gobir, wajen shekarar 1793. 'Yan biyu ne, ita da ɗan uwanta Hassan. Ka san al'adarmu, da Usaina za a sa mata, amma Shehu ya raɗa mata Asma'u, sunan 'yar Sayyidina Abubakar (R.A). Mahaifiyarta Maimuna ba ta yi tsawon rai ba, sauran matan Shehu ne suka riƙe ta. A lokacin kuwa Shehu ba sarki ba ne, malami ne mai wa'azi, gidansa cike da almajirai. Da allo da tawada ta fara, ba, sin, mim, kamar yadda kai ma ka fara. Abin da ya bambanta gidan da sauran gidaje shi ne, mata ba a bar su a baya ba. Shehu ya yi kakkausar magana a littafinsa Nurul Albab a kan malaman da suke karantar da almajiran waje, su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhun jahilci. Bai tsaya ga faɗa ba, a gidansa ya fara aikatawa.

Tana da kimanin shekara 11, a 1804, Sarkin Gobir Yunfa ya matsa wa jama'ar Shehu, suka yi hijira daga Dagel zuwa Gudu. Daga nan sai yaƙi. A wannan shekarar aka yi Tafkin Kwatto, aka yi Tsuntsuwa inda aka rasa mahaddata Alƙur'ani masu yawa. Jama'a ba ta da mazauni, yau nan gobe can, ga yunwa ga ciwo. Littattafai ma a kan dabbobi ake ɗaurawa a yi gaba da su. Ka dubi yarinya marainiya cikin wannan hali, mu kuma a nan Toranke ruwan sama kaɗan ne zai sauka da yamma, sai ka tarar da aji ya zama kango. Ita dai ba ta ajiye allonta ba.

Cikin waɗannan shekaru aka ɗaura mata aure da Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello, wanda daga baya ya zama Wazirin Sakkwato. A nan nake so iyaye su saurara da kyau. A ƙauyukanmu na Gaya da Ajingi, sau da yawa ranar da aka kai yarinya ɗakin miji, ranar ce karatunta yake mutuwa, ko da kuwa saura mata izu 5 ta sauke. Wata ma tun kafin aure talla ta cinye lokacinta. Nana Asma'u kuwa, duk rubuce-rubucen da aka san ta da su a ɗakin mijinta ta yi su, tana haihuwa tana reno tana kula da babban gida. Mijin ma malami ne marubuci, bai ga karatun matarsa a matsayin raini ba.

Shehu ya rasu a 1817, Muhammadu Bello ya zama Sarkin Musulmi. 'Ya mace ba ta cikin lissafin gadon sarauta, kuma ba a ƙasarmu kaɗai ba. Can a Japan, gabashin duniya, Sarki Naruhito yana da 'ya guda ɗaya tak, Gimbiya Aiko, wadda aka haifa a 2001, amma dokar gidan sarautarsu ta 1947 ta keɓe gadon ga maza. Ita ma karatu ta sa a gaba, ta gama Jami'ar Gakushuin a 2024, inda ta nazarci waƙoƙin wata gimbiyar ƙasarsu ta zamanin da. Gadon da ya rage a hannun Asma'u shi ne na ilimi, shi kuwa babu dokar da ta hana mace ɗauka.

Ta iya harsuna huɗu: Larabci, Fulatanci, Hausa da yaren Buzaye. Ba don burga ta tara su ba, kowanne da aikinsa. Idan da malamai take magana, Larabci. Haka ta rubuta Tanbihul Gafilin wajen 1820. Idan da danginta ne, Fulatanci. Idan kuwa talakawa take nufi, manoma da matan karkara, sai Hausa, da baƙaƙen ajami irin waɗanda kake gani a ɗaya ɓangaren wannan mujalla. Waƙar Tabbat Haƙiƙa da tsofaffinmu suke rerawa, Shehu ne ya yi ta da Fulatanci, Asma'u ta juya ta zuwa Hausa. Tana da wata gajeruwar waƙa da ta jera sunayen surorin Alƙur'ani 114, don wadda ba ta taɓa riƙe allo ba ta san su da ka. Kar ka ga abin kamar ƙarami. A zamanin babu injin buga littafi, takarda kuma daga ƙetaren hamada fatake suke kawo ta da tsada. Waƙa ita ce littafin da ba ya jiƙewa, mace tana daka tana bita.

To, yaya karatu zai isa ƙauye, alhali matan aure ba sa barin gida su yi doguwar tafiya? Ga dabarar da ta yi. Ta zaɓi dattijan mata masu hankali da riƙon amana daga garuruwa, kowacce ta naɗa ta Jaji, ta ba ta malfa da jan rawani. Malfar nan a da Innar Gobir ce take sa ta, shugabar 'yan bori, mata sun saba ganin ta da kwarjini. Asma'u ba ta yar da ita ba, sai ta ɗora ta a kan malama. Jaji takan jagoranci tsofaffi da 'yan mata ƙanana, a ƙasa, har Sakkwato. Su zo da abin sadaka, hatsi ko zuma ko man shanu, a raba wa mabukata. Su zauna gaban Nana su koyi alwala da salla da tarihin Annabi (S.A.W) da zaman aure, su haddace waƙoƙi, su koma gida su koya wa waɗanda ba su samu zuwa ba. Waɗannan su ake kira 'Yan Taru.

Ta rasu a 1864 tana da shekara 70 da 'yan kai, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Ɗanta Abdulƙadir ya gaji ubansa a Wazirci, kuma a gidan Waziri aka adana takardunta har zamanin Waziri Junaidu, jikan gidan, wanda ya rasu a 1997. A wannan shekarar ce wasu mata biyu masu bincike, Jean Boyd da Beverly Mack, suka buga tarin rubuce-rubucenta, kusan guda 60, cikin littafi ɗaya.

Aikin 'Yan Taru kuwa ƙanwarta Maryam 'yar Shehu ce ta ɗauka bayanta. Mu Kanawa muna da rabo a cikin wannan baiwar Allah, domin ta yi zaman aure a Kano, a gidan Sarki Ibrahim Dabo. Bayan rasuwarsa a 1846 ta koma ƙasar Sakkwato, ta ci gaba da karantar da mata da naɗa jajoji har ta tsufa. Allah Ya gafarta musu baki ɗaya, amin.