Kafin ka kwantar da tsohuwar Beetle ƙasa



Ƙanena ya gaji Volkswagen Beetle ɗin kawunmu a Kambaza, irin wadda aka fara harhaɗawa a Legas a 1975. Wai so yake a kwantar da ita ƙasa irin na TikTok. Na ce masa, tsaya tukuna.

Motar nan injinta a baya yake, iska ke sanyaya shi, babu lagireto. Nauyinta kuma sandunan ƙarfe masu murɗewa ne ke ɗauka. Kowace sandar baya tana da haƙora 40 ta ciki, 44 ta waje. Idan bakanike ya zare ta ya matsar da haƙori ɗaya, motar za ta sauka sama da inci biyu.

To fa, nan matsalar take. Tayoyin baya za su karkace, su cinye ta gefen ciki. Gindin inji zai kusanci ƙasa, ga ramukan damina. Dutse ɗaya ya fasa shi, mai ya tsiyaye, inji ya tafi.

Shawarata: a sauke kaɗan, ɓangarorin biyu daidai. Kuma kar ka kwance da kanka, farantin da ke riƙe da sandar a ɗame yake, yana iya karya hannu.

Sai shiri na gaba.